Wa Ya Ƙirga Fatun Tambuwal?

Da wuya ɗalibi ya gama makarantar sakandare a ƙasar Sakkwato bai ji labarin fatar Maroko ba. Ana ba da shi a aji, ana maimaita shi a taron ƙaddamar da littafi, 'yan siyasa kuma suna yi masa ado duk ranar da aka gayyace su buɗe baje kolin kayan sana'a. Fatar nan mai laushi da ƙarko, wadda Turawa suka daɗe suna ɗaure manyan littattafansu da ita suna kiranta da sunan Maroko, kaso mai yawa nata fatar jar akuyar Sakkwato ce. Majemanmu suka jeme ta da bagaruwa, suka rina ta da karan dafi, fatake suka ɗora ta bisa raƙuma ta keta Sahara, 'yan kasuwar Arewacin Afirka suka miƙa ta Turai, sunan ƙasarsu ya bi ta, namu ya nutse a rairayi. Labarin gaskiya ne, kuma akwai ciwo a cikinsa. Amma ni na gaji da jin sa, domin mun mayar da shi bargon da muke ƙudundunewa a ciki don kada mu kalli hasarar da ke aukuwa yau da rana tsaka, a kwatar garinmu, da wuƙarmu, ba tare da wani Balarabe ko Bature ya sa mana hannu ba.

Ga tambayar da nake so a amsa mini. A shekarar da ta gabata, fatun awaki nawa aka feɗe a ƙaramar hukumar Tambuwal, nawa a Kebbe? A cikinsu nawa suka isa hannun majemi ba huji, nawa wuƙa ta ci, nawa suka ruɓe kafin su ga gishiri, nawa kuma suka bar ƙasar a jikin akuya mai rai, a bayan babbar mota? Mai karatu ya gwada wannan tambaya a kasuwar dabbobi ko a rumfar 'yan fata. Za a ce masa suna da yawa, ko a ce sun ragu ba kamar da ba, ko a yi murmushi a ce Allah ne masani. Allah kam shi ne masani, amma ya hore mana yatsu goma da alƙalami. Matsayina shi ne, wani babban sashe na talaucin mai kiwon akuya da mahauci da ƙaramin ɗan fata a kudancin Sakkwato daga wannan rashin ƙirga ya tsiro, kuma duk shirin bunƙasa sana'ar fata da bai fara da littafin lissafi ba, ɗiban ruwa ne da kwando.

Abin da nake kira a yi ba baƙo ne a duniya ba. Tun 1789 masanin nan na Faransa, Lavoisier, ya shimfiɗa ƙa'idar cewa abu ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa: nauyin abin da ya shiga tukunya daidai yake da nauyin abin da ya fita, muddin an haɗa da tururi da ƙanzo. A shekarun 1990 wasu masana a birnin Augsburg na Jamus suka ɗauki wannan ƙa'ida suka shigar da ita ɗakin akanta. Suka ce wa masu masana'antu su daina rubuta shara a matsayin abin da ba shi da daraja, su bi kowane kilo na kayan da suka saya tun daga ƙofar shiga har ƙofar fita, su rubuta nawa ya zama hajar sayarwa, nawa ya zube a hanya, sannan su ɗora wa wanda ya zube kasonsa na kuɗin saye da na wuta da na ladan ma'aikata. Ma'aikatar ciniki da masana'antu ta Japan ta rungumi dabarar daga shekarar 2000. A 2011 hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta mayar da ita ƙa'ida mai lamba ISO 14051, a 2017 kuma ta ƙara ISO 14052, wadda ta fitar da lissafin daga bangon masana'anta ɗaya ta bi da shi duk hannuwan da kaya ke ratsawa kafin su isa ga mai saye.

Kamfanin Canon mai yin kyamara yana cikin waɗanda suka gwada da wuri. A da, abin da yake ƙirgawa a matsayin hasara shi ne gilasan idon kyamara da suka fito da aibi, su kuwa kaɗan ne, don haka kowa ya ɗauka aiki na tafiya daidai. Da aka auna da sikeli, sai ga gilashi mai yawa yana salwanta a matsayin gari wurin gugarsa da sassaƙarsa. Maganin kuwa bai kasance cikin masana'antar ba. Sai da suka koma wurin masu sayar musu da ɗanyen gilashin, suka yi shawara a riƙa zubo shi kusa da siffar da ake buƙata. Hasara takan bayyana a wuri ɗaya alhali sababinta yana can baya a hannun wani, kuma ba mai haɗa su biyun sai lissafi.

Sana'ar jima ma an ɗora ta a kan sikeli. A shekarar 2000 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da bunƙasa masana'antu, UNIDO, ta fitar da binciken da ya bi tan ɗaya na ƙirgin shanu mai gishiri daga shigarsa majema ta zamani har fitarsa. Gamammiyar fatar da ke fitowa ba ta wuce kimanin kilo 250 ba; sauran ruwa ne da gishiri da gashi da tsoka da yanke-yanke. Aikin kan sha ruwa kusan lita 40,000, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na sinadaran da aka zuba ba sa zama a jikin fatar. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Challawa a Kano ya san inda suke tafiya. Wannan fa a cikin katangar kamfani ke nan, inda akwai sikeli da akawu. Ina ga abin da ke faruwa kafin fata ta iso ƙofar?

To, mu bi tamu akuyar. An haife ta a wani gida a Kuchi ko Margai, a ƙasar Kebbe, kuma galibi ta mace ce, domin a karkararmu akuya ita ce asusun matar aure: da ita ake sayen magani in yaro ya kwanta, da ita ake haɗa kwanonin 'ya mace. Fatarta tana fara lalacewa tun tana raye. Ƙaya na yakice ta a shinge, kaska na huda ta, ƙazuwa na cin ta, wani lokaci kuma a yi mata lalas da ƙarfe mai zafi a gefen ciki ko a gadon baya, inda fata ta fi daraja, alhali da an yi a kunne ko a ƙafa da ba a rasa komai ba. Babu wanda ya taɓa gaya wa matar nan cewa tabon nan kuɗi ne, kuma ko an gaya mata ba ta da dalilin damuwa, domin ranar da za a sayar da akuyar dillali ƙugu zai taɓa ya kimanta nama. Fata kyauta take tafiya. Haka nan ba ruwan kowa da wane bunsuru ya hau wace akuya, jan nan da duniya ta san mu da shi yana gaurayuwa da na dogayen awakin Sahel sannu a hankali, ba tare da wani ya rubuta ko a bayan takardar sigari ba.

Daga ƙauye sai kasuwa. Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Jega ta gangara Kwantagora har kudu, kuma wannan hanya, duk da alherinta, ita ce babbar ɓarakar farko. Akuyar da aka loda a mota zuwa Badun ko Legas ba nama kaɗai ta tafi da shi ba. Ta tafi da fatarta, da jininta, da ƙashinta, da tarosonta da zai zama taki a gonar da ta ci harawarta. A can kuwa sau da yawa babbake ta ake yi, a cinye fatar tare da nama, kamar yadda ake cinye ƙirgin shanu a matsayin ganda. Ban zargi mai cin ganda ba, kuɗinsa ya sa, kuma ba na cikin masu kiran a hana shi da doka. Ƙorafina shi ne, al'ummar da ke tinƙaho da fata ba ta san ko rabin fatunta ne ke tafiya cikin tukunyar barkono ko kashi ɗaya cikin goma ba. Tsakanin waɗannan amsoshi biyu akwai manufofi biyu mabambanta, ɗaya na buƙatar mayanka da motocin sanyi, ɗaya ba ya buƙata, kuma muna zaɓa tsakaninsu da ka.

Wadda aka yanka a gida fa? A nan nake so mai karatu ya daɗe tare da ni, domin a 'yan sa'o'in nan ne ake yin hasarar da ta fi ciwo. Yaron mahauci ne ke fiɗa, kuma gwargwadon yawan dabbobin da ya feɗe yake samu, don haka sauri ne ubangidansa. Wuƙar da ya yi yanka da ita, mai tsini, da ita yake fiɗa. Tsofaffin mahauta sun san wata hanya: a hura dabba, a tsaga kaɗan, a tura dunƙulen hannu tsakanin fata da nama a zare ta kamar riga, wuƙa ba ta shiga sai a ƙafafu da wuya. Hanyar na nan, amma tana cin lokaci, kuma ba a biyan lokacin. Huji ɗaya a tsakiyar baya ya isa ya sauko da fata daga daraja ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, ko da kuwa wanda ya yi shi bai ko lura ba. (Ban ma shiga zancen awaki masu ciki da ake yankawa ba, abin da likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka sha yin rubutu a kansa game da mayankar Sakkwato. Kowane ɗan tayi da aka jefar, fata ce da nama na baɗi.)

An feɗe, an jefar da fatar gefe cikin jini da ƙasa. A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar nan kan haura digiri 40, ɗanyar fata tana soma ruɓa cikin 'yan sa'o'i. In ba ta ga gishiri da wuri ba, gashi ya fara zuba, fuskar fatar ta mutu. Gishiri kuwa kuɗi ne, don haka ake tauye shi, ko a sake amfani da wanda ya riga ya jiƙe da jinin wata fata. Wanda ba shi da gishiri sai ya baje ta a ƙasa cikin rana, bayanta ya bushe ƙamas, cikinta ya dahu. Abin takaicin shi ne irin wannan fata ba ta nuna aibinta. Ɗan fata zai juya ta, ya lanƙwasa ta, ya ga lafiya lau. Sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, an biya mata kuɗin mota da na lodi, an jiƙa ta a ganga a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, an zuba mata sinadarin da aka sayo da dala, sannan ta saki jiki ta yage. A wannan lokaci ta riga ta ci kuɗin mutum biyar.

Majeman gargajiya, irin na Unguwar Rogo a birnin Sakkwato, masu aiki da toka da kashin kaji da bagaruwa, suna ganin wannan ɓarna da idonsu, kuma da yake kusa suke, sukan iya cewa ɗan fata kada ya ƙara kawo musu irin wannan. Amma fatar da ta tafi Kano, labarinta ba ya dawowa. Can ake tantance ta ɗaya bayan ɗaya, a ware ta daraja daraja, a rubuta. Kamfani ya san sarai kashi nawa cikin ɗari na kayan da ke zuwa masa ne ke lalacewa, domin ba zai rayu ba in bai sani ba. Abin da yake yi da wannan sani shi ne abin da kowane ɗan kasuwa mai hankali zai yi: ya cire hasarar daga farashin da zai biya tun kafin kaya su iso. Wakilinsa ya sauke ragin a kan babban dila, babban dila ya sauke a kan mai babur da ke zagaya ƙauyuka, mai babur ya zo kwata ya ce fatar akuya kuɗi kaza, ko wace iri ce, ba kallo ba zaɓe. A ce mahauta biyu ne a gari ɗaya, ɗaya ya feɗe da hannu ya zuba gishiri nan take, ɗaya ya huda ya jefar a rana. Kuɗi ɗaya za a ba su. Mai kulawa ya biya wa maras kulawa tara, ya yi hasarar lokacinsa da gishirinsa, gobe kuma shi ma ya daina. Masu cewa mahautanmu ba su waye ba, su sake tunani; mahaucin da ya daina wahalar da ba a biyansa ya fi su iya lissafi.

Saboda haka in aka ce babu littafi, ba daidai ba ne. Akwai littafi, a Kano yake, da Italiya da Sifaniya inda fatar ke ƙarewa. Najeriya ta hana fitar da ɗanyar fata waje, sai wadda aka sarrafa, kuma masu sayenta a can sun san kowane tabo da ke jikinta. Mu da ke farkon igiya ne kaɗai muke ciniki a duhu, kuma wanda ke ciniki a duhu da mai fitila ya san wanda zai ci riba.

Akwai maganar da ba na jin daɗin faɗa, amma gaskiya ɗaci gare ta. Turawan mulkin mallaka sun fi mu kula da wannan fata. A 1942 suka kafa dokar fatu da ƙiraga, suka baza malaman fata a kasuwannin Arewa suna koya wa mahauta fiɗa, suna sa a shanya fata a rataye cikin inuwa, suna duba ta kafin ta wuce. Ba don ƙaunarmu suka yi ba, majemun Ingila suke yi wa aiki. Amma sun gane abin da muka manta, cewa darajar fata a kwata ake yanke hukuncinta. Bayan 'yancin kai an kafa cibiyar koyar da aikin fata a Zariya a 1964, wadda a yau ake kira NILEST, an amince da manufar fata ta ƙasa a 2018, an kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024. Takardu sun yi yawa a Abuja. Malamin fata ne ya ɓace daga kwata.

Shi ya sa nake adawa da waƙar da ake rera mana duk lokacin zaɓe, cewa za a gina mana kamfanin jima ko na takalma. Ba na ƙin masana'anta. Amma wanda zai gina majema a Tambuwal yana buƙatar sanin fatu nawa za su zo masa a mako, a wane wata suke yawa, kashi nawa ne masu kyau, ruwa nawa zai ja daga ƙasa, kuma ina zai zubar da gurɓataccen, kada ya mayar da fadamun da ake noman shinkafa da albasa wata Challawa. In ba shi da waɗannan amsoshi, gini zai yi, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, bayan shekara uku jemagu su tare. Arewa cike take da irin waɗannan kangaye, kuma kusan kowanne an aza harsashinsa a kan kimantawa ta baka. Littafi da sikeli ba su da ƙyallen yankawa, ba su da kwangilar da za a raba, ina jin wannan ne babban laifinsu.

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu daga cikin masu faɗa sun fi ni gaskiya ta wani gefe. Za a ce ƙirga dukiya na kore albarka. Wannan ita ce mafi raunin hujjojin, domin addinin da ake jingina ta gare shi ya wajabta ƙirga: ba a fitar da zakkar awaki da tumaki sai sun kai 40, ba ta zama biyu sai sun kai 121, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Tambuwal kanta ribaɗi ce ta Muhammadu Buhari ɗan Shehu, a daular da ta san muƙamin mai duba ma'auni a kasuwa, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wa sarakunanta wasiyya da su raya masu sana'ar hannu. Ƙin ƙirga ba gadon nan ba ne.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Talaka bai ƙi ƙirga don jahilci ba, ya ƙi ta ne don ya tuna jangali. Kakanninsa sun ga yadda alƙalamin mai ƙirga shanu ke komawa rasit na haraji, kuma shi da kansa yana ganin yawan shingayen karɓar kuɗi da motar dabbobi ke ratsawa kafin ta kai kudu. A yau ma an ƙara masa wani tsoron da ya fi wannan. Kebbe na iyaka da Zamfara, 'yan bindiga sun addabi ƙauyukanta, kuma a inda ake sace mutum don dukiyarsa, takardar da ta ce wane yana da awaki kaza na iya zama sammacin mutuwa. Duk wanda ya raina wannan tsoro bai kwana a ƙauye ba. Amsata ita ce, ba dukiyar mutane nake cewa a ƙirga ba. Fatar da ta riga ta bar jikin dabba nake nufi, a kwata da rumfar ɗan fata da tashar lodi, ba tare da sunan mai ita ba. Littafin kuma kada ya shiga ofishin tara kuɗin shiga. Ya zauna a hannun Sarkin Fawa da ƙungiyar 'yan fata, waɗanda ribarsa za ta koma gare su. Ranar da aka mayar da shi hanyar sabon haraji, ranar ya mutu, kuma ni ma zan goyi bayan masu ɓoye fata.

Sai masu cewa mutanenmu ba za su iya ba, sai an kawo kwamfuta da ƙwararru daga waje da tallafin wata hukuma. Waɗannan ba su lura da abin da ke faruwa kowace Babbar Salla ba. Da yake mai layya ba ya sayar da fatar layyarsa, ƙungiyoyin addini ke karɓa, kuma ƙungiyar Izala ta shekara da shekaru tana tattara fatun layya unguwa unguwa, ta haɗa, ta sayar, ta bayyana abin da aka samu. 'Yan agaji ne ke yin wannan aiki, da biro da littafin makaranta da wayar hannu. Ashe iyawa na nan. Abin da ya rage shi ne a ƙara wa irin wannan littafi layi biyu ko uku: nawa ne masu huji, nawa ne suka ruɓe, awa nawa tsakanin yanka da gishiri. Dila da ke rubuta bashinsa da ajami a bayan kwali, bai taɓa ɓatar da kwabo ba, ba ya buƙatar taron bita a otal kafin ya ja layi uku.

Duniya ma ba za ta jira mu ba. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda ke neman a san asalin wasu kayayyaki, har da na shanu, kafin su shiga kasuwarta. Dokar ba ta shafi akuya ba, amma manyan kamfanonin jaka da takalma sun riga sun fara tambayar majemu daga ina fatarsu ta fito, kuma tambayar gaba take ci. Botswana ta fara bin sawun shanunta ɗaya bayan ɗaya tun farkon shekarun 2000 don kada ta rasa kasuwar naman Turai. Maƙwabtanmu na Nijar, masu jar akuyar Maraɗi, 'yar uwar tamu, sun daɗe da cibiyar kiwo ta musamman dominta, kuma sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajistar asali. Mu muna nan muna kukan sunan da aka sace a zamanin raƙuma, alhali ko yau mai saye ya zo daga Milan ya ce zai ninka farashi in an nuna masa fatar da tabbas daga Kebbe ta fito, ba mu da abin nuna masa. Fatar Kebbe da ta Chadi da ta Kamaru duk a dami ɗaya suke shiga Kano.

Wannan ne ya kawo ni ga sashen da zai fi wuya, kuma a nan ne nake sa ran turjiya ta gaskiya. Ƙirga a kwata kaɗai rabin aiki ne. Dole kowane dami ya ɗauki shaidar kasuwar da ya fito, hatimi a wuyan fata ko a wutsiya inda ba ya ɓata komai, kuma dole majemar da ta saya ta mayar da takardar tantancewa: daga damin Tambuwal na makon jiya, kaza daraja ta ɗaya, kaza ta biyu, kaza sun yage a ganga saboda rana, kaza saboda wuƙa. Da zarar wannan takarda ta iso, Sarkin Fawa zai san ko wuƙa ce matsalarsa ko gishiri, kasuwar da ta gyara za ta sami bakin neman ƙari, mai babur kuma ba zai ƙara iya cewa kuɗi ɗaya ba. Abin da Canon ya yi da masu sayar masa da gilashi ke nan. Wasu diloli ba za su so ba, domin tazarar da ke tsakanin abin da suka sani da abin da mahauci bai sani ba ita ce jarinsu. Majemu kuwa, in sun yi lissafi da kyau, su ne za su fara amincewa, domin kowace fatar da ta yage a gangarsu ta tafi da sinadarinsu da man injinsu. Inda lallashi ya gaza, jiha na da sanda a hannunta: tana iya sharɗanta izinin sayen fata a kasuwanninta da mayar da wannan takarda.

Ba sai an jira kasafin baɗi ba. A Babbar Salla mai zuwa, ranar da ake feɗe fatu mafi yawa a shekara kuma mafi yawansu a hannun waɗanda ba mahauta ba, ƙungiyar 'yan fata ta zaɓi unguwa ɗaya a Tambuwal da ƙauye ɗaya a Kebbe. A raba gishiri tun jajibere, a sa ɗaliban sakandare huɗu su zauna da littafi a wurin tara fata, a buga wa kowace hatimi, a kai damin ga majema ɗaya da ta yarda ta mayar da sakamako. A ajiye dami na biyu daga unguwar da ba a taɓa ba, a kai shi tare. Bayan sati uku a liƙa takardun biyu a jikin bangon kwata, da boko da ajami, inda yaron da ya riƙe wuƙar zai iya tsayawa ya karanta.